Wasiƙun Kwamandojin Yaƙin Teku da Amanar Masu Tara Su

Laccar da aka gabatar a dandalin Ƙungiyar Ɗalibai



Da farko muna miƙa godiyarmu ga wannan ƙungiya da ta ba mu damar tsayawa a gabanku. Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne tara tsofaffin wasiƙun da kwamandojin sojan ruwa suka rubuta da hannunsu a lokacin yaƙi. Mai yiwuwa wani a cikinmu ya ce, to, ina ruwan wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara ko Binuwai faɗi ba da wasiƙun mutanen teku? Amsar ita ce, kusan duk wanda ke cikin wannan zaure ma'abocin takarda ne. Waɗansunmu ɗalibai ne masu kafa hujja da ita, waɗansu kuwa ma'aikatan gwamnati ne da aka danƙa wa fayil su riƙe. Abin da ya sami wasiƙun waɗannan mutane cikin shekara ɗari biyu darasi ne ga duk mai irin wannan aiki.

Maganar da muke so mu tsayar a yau guda ɗaya ce. Wasiƙar hannu shaida ce, wanda ya tara ta kuwa ya ɗauki amanar mai ba da shaida. Darajarta ta dogara a kan abu biyu, watau a san hannayen da ta bi kafin ta iso gare mu, sa'an nan a bar ta yadda mai ita ya bar ta. Domin kada magana ta watse, za mu ɗauki misalin mutum ɗaya, Admiral Horatio Nelson na Ingila, wanda aka haifa a 1758, aka kashe shi a yaƙin Tarafalga ranar 21 ga Oktoba 1805. Mun zaɓe shi ne saboda wasiƙunsa sun ga kowane irin hannu: na masoyi, da na ɗan kasuwa, da na maƙaryaci, da na mai amana.

Abin da ya sa suka yawaita rubutu

Daga 1793 zuwa 1815 Ingila da Faransa sun yi ta gwabzawa a teku, in ban da ɗan gajeren sulhun da aka ƙulla a 1802. A wannan zamani babu wayar tangaraho, balle rediyo. Jiragen yaƙi na katako ne, iska ce ke kora su, kwamanda kuwa yakan yi wata da watanni bai taka ƙasa ba. Shi kansa Nelson ya yi kusan shekara biyu, daga 1803 zuwa 1805, bai sauka daga jirginsa mai suna Victory ba. Saboda haka duk abin da zai gaya wa gwamnatinsa, ko hafsoshin da ke ƙarƙashinsa, ko iyalinsa, sai ta bakin alƙalami.

Wasiƙun sun kasu kashi uku. Akwai rahoton hukuma, wanda ake aika wa Sakataren Ma'aikatar Sojan Ruwa a Landan, da yake kuwa an san ana iya buga shi a jaridar gwamnati, akan tauna kalmominsa kafin a rubuta. Akwai takardun umurni zuwa ga kyaftin-kyaftin na jiragen runduna. Sa'an nan akwai wasiƙun gida, zuwa ga iyali da abokai, inda mutum yake sakin baki ya faɗi abin da ke cikinsa.

Isar da wasiƙar ma wani yaƙi ne mai zaman kansa. Ranar 1 ga Agusta 1798 Nelson ya farfasa rundunar ruwan Faransa a Abukir, kusa da Iskandariyya ta ƙasar Masar. Jirgin da ya ɗauki rahoton farko, mai suna Leander, ya faɗa hannun Faransawa a kan hanya. Sai kwafi na biyu, wanda aka aika ta wata hanya dabam, shi ne ya isa Landan ranar 2 ga Oktoba, watau bayan wata biyu cur. Haka kuma bayan yaƙin Tarafalga, a kudancin gaɓar ƙasar Sifen, Admiral Collingwood, wanda ya karɓi ragamar runduna bayan mutuwar Nelson, ya ba wani ƙaramin hafsa mai suna Lapenotiere rahoton nasara. Wannan ya sauka a tashar Falmouth ranar 4 ga Nuwamba, ya hau keken doki ya yi tafiyar mil 271, yana canja dawaki har sau 21, ya isa ma'aikatar da misalin ƙarfe 1 na dare, wayewar garin 6 ga wata. Saboda irin wannan haɗari ne ya zama al'ada a yi wa muhimmiyar wasiƙa kwafi biyu ko uku, a kuma bar wani a littafin jirgi. Ku riƙe wannan batu na kwafi, domin za mu sake buƙatarsa nan gaba.

Abin da rubutun hannu ke faɗa

Me ya sa ake neman ainihin takardar, alhali kuwa an buga kalmominta a littafi? Dalilin shi ne takarda tana ɗauke da labarin da injin buga littafi ba ya iya kwashewa.

Alal misali, a watan Yuli na 1797 harsashi ya farfasa wa Nelson hannun dama a harin da ya kai wa tsibirin Tenerife, aka yanke hannun. Bayan kwana biyu kacal ya ɗauki alƙalami da hagu ya rubuta wa shugabansa, Admiral Jervis, yana cewa ya zama nauyi ga abokansa, ba shi kuma da sauran amfani ga ƙasarsa. Wanda ya karanta wannan a littafi ya ji magana ce kawai. Wanda ya ga haruffan suna tangal-tangal kamar na yaro a ajin farko ya ga halin da mutumin yake ciki. Gani ya kori ji. Daga wannan wata har mutuwarsa duk rubutunsa na hagu ne. Sa hannunsa ma ya yi ta canjawa. Bayan da Sarkin Nafoli ya naɗa shi sarautar Bronte a 1799 ya fara haɗa sunan sarautar da nasa, daga 1801 kuwa ya tsaya a kan sa sunansa a gaba, na sarautar a baya. Ashe ke nan mai ido yana iya gane zamanin wasiƙa tun bai duba kwanan watanta ba.

Misali na biyu shi ne yaƙin Kofanhagan, ranar 2 ga Afrilu 1801. Ana tsakiyar ɓarin wuta Nelson ya rubuta wa mutanen Danmak 'yar gajeriyar takarda, wadda aka kai wa Yarimansu mai jiran gado, yana cewa in ba su tsagaita ba tilas ya ƙone jiragensu da ya kama, ba kuwa zai iya ceton jarumawan da ke cikinsu ba. Waɗanda suke tare da shi sun ba da labari cewa an miƙo masa ɗan abin manni na gaggawa ya ƙi, ya ce sai an kawo kyandir da danƙo an buga hatiminsa sosai, don kada abokan gaba su ga alamar gaggawa su gane shi ma yana cikin matsi. Hatimin nan yana cikin dabarun yaƙin, amma wanda ya kwafe kalmomi kaɗai ya bar shi a baya.

Misali na uku shi ne wasiƙarsa ta ƙarshe zuwa ga Emma Hamilton. Ya fara ta ranar 19 ga Oktoba 1805, ya ƙara 'yan layuka washegari, ya bar ta buɗe da niyyar ƙarasawa bayan yaƙi. Ranar 21 jiragensa 27 suka kara da 33 na Faransa da Sifen, aka ci nasara, shi kuwa harsashi ya same shi. Aka tarar da takardar a kan teburinsa, Kyaftin Hardy ya kai wa Emma, ita kuma ta rubuta 'yan kalmomin baƙin cikinta a ƙarshen shafin. Takardar tana Babban Laburaren Biritaniya a Landan, hannu biyu a kan shafi ɗaya.

Hannayen da wasiƙun suka bi

Hannun farko na masoya ne. A 1809 wasu mutum biyu, Clarke da M'Arthur, suka fitar da babban tarihin rayuwar Nelson, suka zuba wasiƙunsa da yawa a ciki. Amma da yake suna so gwarzonsu ya fito tsaf, sai suka yi ta gyara masa Turanci, suna yanke abin da bai gamshe su ba, wani lokaci ma su haɗa guntayen wasiƙu dabam-dabam su mai da su ɗaya. Ba su yi da mugun nufi ba, amma ɓarnar da suka yi ta daɗe, domin waɗansu takardun da suka yi aiki da su sun ɓace, abin da ya rage shi ne gyararren da ba a san iyakar gyaransa ba. Sai daga 1844 zuwa 1846 Sir Nicholas Harris Nicolas ya bi gidaje da ofisoshi yana roƙon a nuna masa ainihin takardu, ya buga kimanin wasiƙu 3,500 cikin juzu'i bakwai. Inda ya ga takarda da idonsa ya faɗi wanda ke riƙe da ita, inda kuwa bai samu ba sai ta hanyar waɗancan mutum biyu, ya faɗa a fili. Wannan ɗabi'a ita ta sa har yanzu masana ke komawa ga aikinsa.

Hannu na biyu na kasuwa ne. Emma Hamilton matar jakadan Ingila ce a Nafoli, Nelson kuwa ya bar matarsa ta aure saboda ita, abin da ba mu kawo shi nan don yabo ba. Shi yakan ƙone wasiƙunta, ya kuma roƙe ta ta ƙone nasa, amma ta ajiye. Bayan mutuwarsa bashi ya yi mata katutu har aka tsare ta a 1813, takardunta suka watse a hannun mutane. A 1814 aka buga waɗansu daga cikinsu ba tare da sunan wanda ya fitar da su ba, sauran mutuncin da take da shi ya zube, ta mutu cikin talauci a garin Calais na Faransa a watan Janairu 1815. Daga baya kaso mai yawa na takardun ya shiga hannun wani attajiri mai tara rubuce-rubucen hannu, Alfred Morrison, wanda ya buga su cikin juzu'i biyu a 1893 da 1894. Bayan rasuwarsa aka yi gwanjon tarinsa daga 1917 zuwa 1919, ya warwatsu. Da bai buga ba kafin nan, da mai bincike sai ya bi duniya yana tsintar su ɗaya-ɗaya.

Cikin waɗannan takardu ne ake samun wasiƙun da Nelson ya rubuta a farkon 1801 da sunan wani ma'aikacin jirgi wai shi Thompson, mutumin da babu shi, yana tambayar lafiyar matar Thompson da jaririyarta. Ya yi haka ne don tsoron kada a buɗe wasiƙa a gidan waya. Jaririyar ita ce 'yarsa Horatia, matar Thompson kuwa Emma ce. A nan akwai gargaɗi ga ɗalibi: takarda tana iya zama ta gaske, hannu na gaske, amma maganar cikinta rufa-rufa ce, sai an jera ta da 'yan'uwanta a gane inda ta dosa.

Kasuwa takan tono gaskiya ma wani lokaci. Shekaru da yawa marubuta suna zana matar Nelson ta aure, Frances, a matsayin mace mai sanyin zuciya wadda ita ta kore shi da halinta. A 2001 aka gano tarin takardun Alexander Davison, amininsa kuma wakilinsa a kan kuɗin ganima, a hannun zuriyarsa, aka yi gwanjonsu a kamfanin Sotheby's ranar 21 ga Oktoba 2002. A ciki akwai wasiƙun Frances kimanin 70 zuwa ga Davison, waɗanda suka nuna mace ce mai son mijinta, mai ta neman hanyar sulhu. Gidan Tarihin Harkokin Teku da ke Greenwich ya saye su. Matar da aka yi wa hukunci shekara ɗari biyu ba a ji ta bakinta ba, sai ga shaidarta ta fito daga cikin akwati. Har ila yau, a 2005 masanin tarihi Colin White, bayan ya bi gidajen ajiya a ƙasashe da dama ya gano wasiƙun Nelson fiye da dubu da ba a taɓa bugawa ba, ya fitar da kimanin 500 daga cikinsu.

Wasiƙar da aka yi wa ƙari

Hannu na uku shi ne na mai ƙage, labarinsa kuwa ya shafi Afirka kai tsaye. A watan Yuni na 1805, yana farautar rundunar Faransa a tsibiran Karibiyan, Nelson ya rubuta wa wani tsohon saninsa, Simon Taylor, attajirin Jamaika mai gonakin rake da bayi fiye da dubu biyu. A watan Fabrairu na 1807, daidai lokacin da Majalisar Ingila ke muhawara a kan hana cinikin bayi, sai ga wasiƙar ta fito a jaridar William Cobbett, tana nuna gwarzon ƙasa, wanda ya mutu ba zai iya musu ba, yana la'antar William Wilberforce, jagoran masu neman hanin. Dabarar ba ta ci ba, domin Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 283, masu ƙi 16, dokar kuma ta tabbata ranar 25 ga Maris 1807. Amma wasiƙar ta zauna cikin littattafai, har a 2017 aka kafa hujja da ita a jaridun Ingila wajen kiran a sauke gunkin Nelson da ke tsakiyar Landan.

To, a nan ne batun kwafi ya dawo. Tun 1780 James Watt ya ƙago wani injin matsi, inda ake ɗora jiƙaƙƙiyar takarda marar kauri a kan sabon rubutu a matse, tawada ta kama ta, a sami kwafi mai kama da asali harafi da harafi. Ana amfani da irin wannan inji a jirgin Victory, littattafan kwafin kuma suna Babban Laburaren Biritaniya. A 2020 wani masani mai suna Martyn Downer ya gwada wasiƙar da ta yaɗu da kwafin matsin, ya tarar an canja wurare kimanin 25, an kuma ƙaga sa hannu, domin a ƙara wa maganar zafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ya kai shekara 213.

Sai dai kada mu yi saurin tafi. Kwafin gaskiyar ma ya nuna Nelson yana kiran kansa abokin tsarin mulkin mallakar tsibiran nan, wanda a kan bauta ya ginu, yana kuma sukar koyarwar Wilberforce da kakkausan harshe. Masu son wanke shi sun so a ce wasiƙar duk jabu ce, masu son tuhumarsa sun so a ce duk gaskiya ce, takardar kuwa ba ta ba kowanensu duk abin da yake so ba. Aikin shaidar kirki ke nan, aikin mai riƙe da ita kuma shi ne ya fito da ita ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Yadda ake gwada wasiƙa

Da yake ana sayen waɗannan takardu da kuɗi mai yawa, dole a sami masu ha'inci. Tun a 1906 aka sayar da daftarin tsarin yaƙin Tarafalga, wanda Nelson ya rubuta ranar 9 ga Oktoba 1805, a kan fam 3,600 a gwanjon kamfanin Christie's. Ga kaɗan daga cikin abubuwan da masana ke dubawa.

Na farko, takardar kanta. Ta wancan zamani da tsumma ake yin ta, in an ɗaga ta a haske kuma akan ga tambarin masana'anta a cikin jikinta, kamar yadda malamanmu suka san takarda mai wata uku da aka kwafe littattafanmu da yawa a kanta. Daga 1794 masu yin takarda a Ingila da yawa sukan sa har da shekara a cikin tambarin. Wasiƙar da ta ce an rubuta ta a 1798, tambarinta kuwa ya nuna 1805, ta kama kanta da kanta.

Na biyu, tawada da alƙalami. Da gashin fiffiken dinya ake rubutu, tawadar kuwa mai sinadarin ƙarfe ce, tana komawa ja-ja in ta tsufa, tana kuma cin takarda. Akwai hotunan wasiƙun Nelson da aka buga da inji cikin littattafai tun ƙarni na 19, mutane kan yage su su ajiye, jikoki su tarar su ɗauka asali ne. Tawadar inji a kwance take bai ɗaya, ba ta da wurin da alƙalami ya ƙoshi da wurin da ya fara bushewa.

Na uku, naɗi. Kafin gyaran tsarin gidan waya na 1840 yawan falle ake bi wajen biyan kuɗi, saboda haka ba a cika amfani da ambulan ba. Wasiƙar ake naɗewa, a rubuta adireshi a bayanta, a buga danƙo. Na huɗu, hannu. Yawancin takardun hukuma magatakarda ne ke rubutawa, kwamanda ya sa hannu kawai. Magatakardan Nelson, John Scott, a kan Victory aka kashe shi tun farkon yaƙin Tarafalga. Wasiƙar magatakarda ba jabu ba ce, amma wajibi ne a faɗi ko wace iri ce. Na biyar, a gwada kwanan wata da littafin tafiyar jirgi, a ga ko jirgin yana wurin da wasiƙar ta ce a wannan rana.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, shi ne salsala. Daga hannun wa ta fito, shi kuma daga wa ya samu, har a kai ga wanda aka aika wa. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu, domin malaman hadisi sun riga kowa sanin cewa ba a karɓar magana sai an san isnadinta. Takardar da salsalarta ta yanke a tsakiya, ko da kyanta, shaidarta mai rauni ce.

Mai tarawa: alherinsa da haɗarinsa

Ba za mu yi wa masu tara takardu rashin adalci ba. Da ba domin su ba da wuta da ruwa da ɓera sun cinye da yawa daga cikin abin da muka ambata. Amma haɗarinsu uku ne. Akwai mai raba tari don ya sami riba, alhali wasiƙa da amsarta tare suke magana. Akwai mai yanke sa hannu ya manna a littafin ado ya jefar da sauran, abin da aka yi wa takardu masu yawa a ƙarni na 19. Akwai kuma mai kullewa a akwati ya hana kowa gani, har ya mutu magada su sayar wa wanda ba a sani ba. Mai tarawa na kirki yakan rubuta inda ya sami kowace takarda, ya tsare ta daga rana da laima, kada ya sa mata salatif ko allura ko ya liƙe ta cikin roba, ya bar masu bincike su ɗauki hotonta, ya kuma yi wasiyyar inda za ta koma bayan ransa.

Inda abin ya taɓa mu

'Yan'uwa, sojan ruwan Ingila ba a Turai kaɗai ya yi aiki ba. Jiragensa ne suka yi wa Ikko ruwan wuta a watan Disamba 1851 suka kori Sarki Kosoko, kwamandan jirgin Prometheus kuma, Bedingfeld, yana cikin waɗanda suka karɓi garin daga hannun Sarki Dosunmu a watan Agusta 1861. Rahotannin irin waɗannan hafsoshi suna gidan ajiyar takardun gwamnatin Biritaniya da ke Kew. John Hawley Glover, wanda jirginsu Dayspring ya farfashe a Kwara kusa da Jebba a 1857, hafsan sojan ruwa ne. Shi ne ya kafa 'yar rundunar Hausawa a Ikko a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa, shi ne kuma ya ja Hausawa zuwa yaƙin Asante na 1873 da 1874. Takardunsa suna laburaren Jami'ar Kambirij. Wanda ke son sanin yadda aka ɗauki waɗannan Hausawa soja, da abin da aka sa su yi, tilas ya karanta wasiƙun wani kwamandan ruwa. Tilas kuma ya karanta su da irin idon da muka karanta wasiƙar Taylor, yana tuna cewa shaidar gefe ɗaya ce, ta mai ba da umurni, ya kuma nemi ta ɗaya gefen a duk inda za a same ta.

Ita wannan shaida ta ɗaya gefen, sau da yawa a gidajenmu take. Akwai wasiƙun sarakuna da alƙalai cikin Larabci da ajami, akwai waɗanda sojojinmu suka aiko daga Bama a yaƙin duniya na biyu, akwai na lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, suna cikin adaka da gafaka, gara tana yi musu aiki. Akwai wuraren da aka tanada domin irinsu, kamar gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa wanda aka kafa a 1970.

Saboda haka roƙonmu ga ɗalibai shi ne, in kun je hutu ku tambayi dattawan gida abin da ke cikin akwatunansu, ku rubuta sunan mai takarda da yadda ta zo hannunsa, ku ɗauki hoto, kada ku gyara ko da wasali ɗaya. Ga matasan ma'aikata kuwa, fayil ɗin da ke kan teburinku yau shi ne abin da wani zai kafa hujja da shi bayan shekara ɗari. Kada a cire shafi don a rufa wa wani asiri, kada a sake buga tsohuwar takarda a jefar da ta asali, kada kuma a kwashi takardar hukuma a kai gida, domin dukiyar jama'a ce. Magatakardan da ya matse kwafin wasiƙar Taylor a 1805 aikinsa na yau da kullum kawai ya yi, amma saboda ya yi shi daidai aka iya raba gaskiya da ƙari a 2020.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.